Waful ɗin Alkama a Gidanmu, da Dusar da Muka Riƙa Bai wa Awaki

Mu shida ne a gida: ni da maigida, yara uku, sai Hajiya, mahaifiyarsa, wadda ta dawo wurinmu da zama bayan likita ya tabbatar mata da ciwon suga. Kafin zuwanta, karin kumallonmu na ranakun makaranta bai wuce burodi da shayi mai kauri ba, an zamba madara da sukari. Da ta zo sai tukunya ta rabu biyu. Yara na falo da burodinsu, ita kuma tana ɗakinta da ɗumamen tuwon alkama da miyar kuka, kullum abu ɗaya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma na lura kwanon yana dawowa da rabi. Su ma yaran ba ƙoshin kirki suke yi ba. Ta tsakiyar ta sha gaya min cewa tun kafin a fita tara cikinta ke kiran ciroma.

Abin da nake nema shi ne abinci ɗaya da za a zauna a ci tare, wanda zai riƙe cikin yaro har azahar, kuma ba zai cutar da Hajiya ba. Babbar 'yata ce ta tuno min da ƙarfen waful da ya zo cikin kayan kicin ɗina tun na aure, yana saman kabad a kwalinsa, ko sau ɗaya ba a taɓa jona shi ba. Ta ce, "Umma, ai na ga ana yinsa da alkama."

Waful ba abincinmu ba ne. Na Turai ne, kuma ƙasar Beljiyam ce ta fi shahara da shi: akwai na birnin Burasel mai sauƙi da manyan ramuka, akwai na birnin Liyej mai nauyi da ake kwaɓawa da yis a cusa masa ƙwayoyin sukari. A Amurka wani mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar ƙarfen gasa shi na kan murhu a 1869, sannan baje-kolin duniya na birnin New York a 1964 ya ƙara yayata na Beljiyam. Amma wadda ta taɓa zama gaban tanda ba za ta ga baƙon abu ba. Ƙullu ne ake zubawa a ƙarfe mai zafi, sai dai shi wannan ƙarfen yana da murfi, yana gasa sama da ƙasa a lokaci ɗaya. A asalinsa kayan marmari ne na fulawa da bota da sukari. Duk wanda ya ce zai mayar da shi abincin lafiya, to aiki ne a gabansa.

Nasarar da ba nasara ba

Na sayo mudu biyu na alkamar gida, irin wadda ake nomawa da rani a fadamun Kadawa da Haɗeja, ana shuka ta da shigowar hunturu a girbe kafin zafi ya yi tsanani. Na tsince, na wanke, na shanya, na ba almajirin gidanmu ya kai inji. Da garin ya dawo na ɗauko rariya mai laushi na tankaɗe shi tas, kamar yadda na ga uwata na yi tun ina ƙarama. Abin da ya rage a rariya na juye a roba na aika wa maƙwabciyata mai awaki.

Waful ɗin farko ya fito kamar a hoto. Ya tashi, ya yi laushi, launinsa kamar na kek. Yara suka cinye har da rigima a kan na ƙarshe. Hajiya ta ci biyu da zuma ta sa min albarka. Mako biyu muna haka, ina ganin na gama da matsalar.

Ranar da na raka Hajiya asibiti ne ƙwai ya fashe. Jami'ar da ke ba da shawara kan abinci ta tambayi abin da take karyawa da shi, na yi caraf na ce waful ɗin alkama zalla, ba fulawa ko cokali ɗaya. Sai ta dube ni ta ce, "An surfa alkamar kafin a niƙa?" Na ce ban sani ba. "Kin tankaɗe?" Na ce sosai ma. Ta ce, "To Hajiya, ai fulawa kika haɗa da hannunki."

Jikina ya yi sanyi. Da muka dawo na tambayi yaron, ya ce mai inji ya surfa, don haka ake yi wa kowa in ba a hana ba. Ba laifinsa ba ne, ni ce ban faɗa ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ƙwayar alkama kashi uku ce. Akwai farin cikin, wanda shi ne kusan kashi 83 cikin 100 na nauyinta, galibinsa sitaci ne da ɗan furotin. Akwai bayan, wato dusa, kusan kashi 14 da rabi. Sai ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, kusan kashi 2 da rabi, mai ɗauke da mai da bitamin E. Fulawa farin cikin nan ne kaɗai. Faiba, wato zare-zaren abincin da ciki ba ya narkarwa amma hanji ke buƙata, yawancinta a dusa take, tare da kaso mai yawa na bitamin B da sinadarin ƙarfe da maganiziyam. A giram 100 na garin alkama da ba a cire masa komai ba akwai faiba kusan giram 11. A fulawa ba ta kai giram 3 ba. Surfe ya ɗebe wani ɓangare na dusar, rariyata ta kwashe sauran. Ashe abin da na je nema a alkama, shi nake aikawa gidan maƙwabciya a roba.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin ba ni kaɗai ba ce. Gidaje nawa ake tuƙa wa mai ciwon suga tuwon alkama da aka surfa aka tankaɗe, ana ganin an kyauta masa? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2023, ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na faiba a rana, yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 21, ɗan shekara 2 zuwa 5 kuma giram 15. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa masu cin faiba da yawa suna da ƙarancin haɗarin mutuwa da cututtukan zuciya da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 idan aka kwatanta da masu cin kaɗan. Burodi da shayi ba sa kai yaro ko kusa da wannan adadi.

Da dusar ta dawo

Karo na biyu da kaina na je injin. Na ce, "Malam, kada ka surfa. Da bayanta za ka niƙa." Ya ɗebo alkamar a tafin hannu ya duba, ya ce, "Hajiya, zai yi miki dusa-dusa fa." Na ce haka nake so. Na kuma roƙe shi ya fara zuba ɗan hatsi ya wanke injin, don wadda ta riga ni kayan yaji ta niƙa.

Da wannan garin na bi ma'aunin da na saba, kuma na rage mai, wai don lafiya ta ƙaru. Abin da ya fito ba ya ciwuwa. Da na ɗaga murfin sai waful ɗin ya rabe biyu, rabi manne a sama, rabi a ƙasa, tsakiyar kuma ɗanyen ƙullu. Na fi minti ashirin ina ƙwaƙular ramukan da tsinken tsire, ga lokacin makaranta na tafiya. Wanda ya fita da rai kuma ya yi nauyi, ya bushe, yana kartar maƙogwaro. Autana ya gatsa sau ɗaya ya ture farantin. Ranar nan da burodi suka tafi makaranta.

A nan na kusa haƙura. Abin da ya hana ni shi ne Hajiya, wadda ta ɗauki guntun ta murza tsakanin yatsu ta ce, "Ke 'yar nan, garin nan ƙishirwa yake ji. Mu da muke funkaso, wa ke kwaɓa alkama ya soya nan take?" Gaskiyarta. Funkaso sai ya kwanta ya tashi, kuma tun kafin yis ya gama aikinsa garin ya riga ya sha ruwa ya saki jiki.

Daga nan na riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya, ina rubutawa a bayan littafin lissafin cefane, har na gane cewa matsaloli uku ne suka haɗu.

Ta farko ita ce ruwa. Dusa tana shan ruwa fiye da farin gari, kuma a hankali take sha. In ka zuba ƙullun a ƙarfe da zarar ka kwaɓa, dusar na nan da taurinta, gefunanta masu kaifi suna yanke danƙon alkamar da ke riƙe iska a cikin ƙullu, sannan tana ci gaba da zuƙe damshin da ya kamata ya tausasa waful ɗin. Shi ya sa yake fitowa a danƙare kuma a bushe. Da na ƙara ruwan na bar kwaɓin ya huta rabin awa, sai na ga ya sauya a idona: wanda na bari tsararo na dawo na tarar ya yi kauri yana zuba daga ludayi a hankali kamar ƙullun masa. Yanzu ma tun dare nake jiƙa garin da kindirmo in sa a firij. Tsamin kindirmo yana tausasa dusar, yana kuma rage ɗan ɗacin da take da shi.

Sai dai jiƙon ya zo da nasa kuskuren. Da farko nakan zuba bekin fauda da bekin soda tun daren. Soda kuwa da ta haɗu da tsami nan take take fara fitar da iska, kafin gari ya waye ta gama aikinta a cikin roba. Masu masa sun san wannan, shi ya sa sai an zo suya ake zuba ruwan kanwa. Ni ma sai na koma zuba su da safe, ƙarfe na kan wuta. Kanwar kanta ban yi amfani da ita ba, domin ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma in ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano.

Ta biyu ita ce man da na rage. Mai a cikin ƙullun waful ba ado ba ne. Shi ke hana shi kama ƙarfe, shi ke sa bayan ya yi ƙaras-ƙaras. Cokali huɗu na man gyaɗa a ƙullun da zai ba da waful takwas, rabin cokali ke nan kowane ɗaya, kuma a ganina bai kai abin da funkaso ko ƙosai ke sha a kasko ba.

Ta uku gaggawa ce. Ina buɗe murfin da wuri don in leƙa. Alamar nuna ba a agogo take ba, a tururi take. Muddin yana fita da ƙarfi ta gefen ƙarfen, ciki bai nuna ba. In ya lafa ya koma ɗan siriri, a nawa ƙarfen bayan minti huɗu zuwa biyar, sai murfin ya ɗagu ba gardama.

Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne: garin alkama kofi biyu, kusan giram 240, a jiƙa da kindirmo kofi biyu da aka ɗan sirka da ruwa. Da safe a fasa ƙwai biyu, a zuba man gyaɗa cokali huɗu na cin abinci, gishiri rabin cokalin shayi, bekin fauda cokalin shayi biyu, bekin soda rabin cokalin shayi, da sukari cokali ɗaya na cin abinci don bayan ya yi ja. A juya kaɗan kawai, ko da ɗan gudaji ba komai, domin yawan bugu yana sa shi tauri. Ranar Asabar da ba sauri nakan ware farin ƙwan in buga da maburgi har ya yi kumfa ya tsaya, in juya shi a ƙarshe a hankali. Yana ƙara sauƙi sosai, amma ba dole ba ne. A lissafina kowane waful ɗaya yana ɗauke da faiba kusan giram 3, inda na fulawa bai kai giram 1 ba.

Autana bai karɓi launin ƙasa-ƙasan nan da wuri ba. Shi sai da na fara masa da rabi alkama rabi fulawa, ina rage fulawar mako-mako har ta ɓace bai lura ba.

Akwai wani abu da ya faru da zafi ya shigo. Waful ya fara ɗaci da wani wari kamar na tsohon man gyaɗa, alhali ban sauya komai ba. Ashe garin ne. Na niƙa da yawa na ajiye a bokiti kusa da gas. Man da ke cikin idon alkamar nan, da zarar an niƙa ya haɗu da iska da zafi, lalacewa yake yi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanoni ke cire shi, don fulawa ta daɗe a shago. Ƙwayar da ba a niƙa ba tana iya yin watanni lafiya lau. Tun daga ranar nake ajiye alkamar a ƙwayarta, in niƙa ta mako biyu kawai, in ɗaure a leda in sa a firij.

Batun Hajiya

Wannan ɓangaren ya fi kowane muhimmanci a wurina, kuma shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa, domin na san yadda mutanenmu suka ɗauki alkama tamkar maganin suga.

Likita ya ba Hajiya adadin da bai kamata sukarin jininta ya wuce ba awa biyu bayan cin abinci, kuma muna da na'urar gwaji a gida. Ranar da ta ci waful biyu na alkama mai dusa, an zuba zuma, da muka gwada sai muka ga ya haura abin da aka gindaya mata. Raina ya ɓaci, don na ɗauka dusar ta magance komai.

Lissafin kuwa a fili yake. Sitacin da ke cikin garin alkama mai dusa bai yi ƙasa da na fulawa sosai ba, tazarar 'yar kaɗan ce. Kuma in aka niƙa garin ya yi lukui, jiki yana narkar da shi da sauri kusan kamar fulawa. A jadawalin da masana ke auna saurin ɗaga sukarin jini, burodin alkama mai dusa yana kan 74, farin burodi yana kan 75. Wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Otago a ƙasar New Zealand suka wallafa a 2020 ya nuna cewa masu ciwon suga sun fi samun daidaituwar sukarin jini da suka ci hatsin da ba a niƙa sosai ba, fiye da lokacin da suka ci irin hatsin an niƙa shi lukui. Wato laushin da nake nema don waful ya yi daɗi, shi ne abin da bai dace da Hajiya ba.

Ga kuma zuma. Muna girmama ta, kuma tana da falalarta, amma cokali ɗaya na cin abinci yana da sukari kusan giram 17. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ta cikin sukarin da ake ƙarawa a abinci, wanda ta ce ya fi kyau babba kada ya wuce kusan giram 25 a rana. Cokali biyu a kan waful sun riga sun tsallake.

Sai muka sake tsari. Na koma wurin mai inji na ce ya raba min niƙan biyu: kashi uku mai laushi, kashi ɗaya ɓarzajje kamar tsaki. Ɓarzajjen yana laushi in ya kwana a kindirmo, kuma yana ba waful ɗin ɗan abin taunawa da yara suka zo suka fi so. Hajiya ta koma cin ɗaya maimakon biyu, ba zuma, da dafaffen ƙwai ko wainarsa mai albasa da alayyafo, wani lokacin a shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari. Furotin da mai suna rage saurin da sitaci ke shiga jini. Da wannan haɗin, gwaje-gwajen da muka yi sun riƙa faɗawa cikin iyakar da likita ya ba ta. Maganinta tana sha kamar kullum, ba a rage ko ƙwaya ɗaya ba. Jikin Hajiya ne wannan, ba na kowa ba. Duk mai ciwon da zai gwada, ya gwada da na'urarsa da sanin likitansa. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar alkama gaba ɗaya, wannan abincin ba nasa ba ne.

Akwai abin da muka rasa da barin fulawa, kuma adalci ne in faɗa. Tun 2002 dokar Najeriya ta wajabta wa kamfanoni ƙara bitamin A a fulawa. Garin da na niƙa a injin unguwa ba shi da wannan ƙarin, don haka nake kula da ƙwai da karas da mangwaro in lokacinsa ya yi. Haka kuma dusa tana da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen abinci ya rage shigarsa jini, shayi ma yana yin haka. Jiƙon dare yana ragewa, sannan na raba yara da shayi a lokacin karin, na koma ba su lemon zaƙi ko yankakken gwanda. Ayaba da ta nuna sosai, in aka dame ta a shafa a kai, ta ishe su zaƙi.

Wuta kuwa ita ce ta tsara mana ranakun yi. Ƙarfen yana jan kusan wat 1000, ƙaramin janaretanmu ba ya ɗaukarsa tare da firij. Saboda haka duk daren da aka kawo wuta kuma akwai jiƙo, nakan gasa na kwana uku. Ina jera su a kan raga su huce ɗaya-ɗaya, domin in aka ɗora wani kan wani tururi yana jiƙa su su yi laɓo-laɓo. Da safe sai in ɗora busasshen kasko a gas, minti biyu kowane gefe, su dawo da ƙaras ɗinsu. Ba na wuce na kwana uku, don ba a dogara da sanyin firij a garin nan. Ƙwai ya yi tsada, wannan ba a ɓoye yake ba, shi ya sa sau uku a mako muke yi. Sauran ranakun akwai kunun gyaɗa, akwai alale, akwai ɗumame.

Yanzu Hajiya a falo take karyawa. Takan zauna a kan darduma bayan ta idar da lazimi, autan na jingine da ita yana cusa gyaɗa a ramukan nasa ɗaya bayan ɗaya da bayan cokali. Ta tsakiyar ta daina maganar yunwa kafin tara. Makon jiya maƙwabciyata ta aiko yarinya da roba tana tambaya ko akwai dusa. Na ce ta gaya wa mamanta ta yi haƙuri, babu, na kuma naɗe mata waful biyu a takarda ta kai mata.